Ranar da Kura Ta Shigo Aji Shida

Ni malamin Hausa ne a wata firamare a ƙasar Makoɗa, kuma duk yaron da ya bi ta hannuna ya san dokata: abin da ka gani a takarda shi za ka karanta. Baƙi mai ƙugiya a furta shi da ƙugiyarsa, marar ƙugiya a bar shi yadda Allah ya yi shi. Ba a canka, ba a taya marubuci. Wanda ke zaune tsakanin Makoɗa da Ɗambatta, sunan garinsa ma da ƙugiya, ba shi da hurumin raina ta.

Da Hedimasta ya ɗora mini rubuta jawabin maraba na bikin yaye ɗalibai, sai na tafi rumfar mai cajin waya a sa mini ɓ da ɗ da ƙ a kibod. Ya jujjuya wayar, ya hura ramin caja, ya ce, "Malam, wannan ba ta jin Hausa, sai an yi mata filashin." Na tsaya na yi wa 'yan rumfar lacca: ƙamus ɗin Bargery na 1934 da 'yar alamar sama, irin ta 'ya'ya, ya bambanta waɗannan baƙaƙe, daga baya aka yi musu ƙugiya, ofishin talifi na Dokta East a Zariya ya baza su cikin littattafai, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Mai shayi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ka je Zariyar mana su sa maka."

Wani ɗan sakandare da ke jiran batirinsa ne ya karɓi wayar. Ya shiga satin na Gboard, ya ƙara harshen Hausa, ya tambaye ni ta Najeriya ko ta Nijar, don can ƴ suke rubutawa inda muke rubuta 'y. Ya ce in danne k kada in saki. Sai ga ƙ ta leƙo. A daren na rubuta jawabi mai ƙugiya a kowane layi, na tura ta WhatsApp zuwa wani shagon kwamfuta a Ɗambatta.

Ashe kowane harafi lambarsa gare shi a cikin na'ura: ƙ tana 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253. In salon rubutun da ke kan tsohuwar kwamfuta ba shi da zanen harafin, sai ya ajiye ɗan akwati a gurbinsa. Yaron shagon ya buɗe ya ga akwatuna birjik, ya yanke hukuncin bairos ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cike da k da d da b. Kyauta ma ya yi mini. Ɗan acaɓa ya kawo ambulan ina tsakar jera kujeru, na miƙa wa 'yar aji shida da ta fi kowa karatu, na ce, "Kin dai san doka."

Ta sani kuwa.

An kafa rumfa ƙarƙashin darbejiya. Dagaci na tsakiya da rawaninsa, ga wakilin Hakimi, ga jami'in ilimi, ga iyaye har kan katanga. Lasifikar masallaci muka aro, mai ƙaho, wadda in an yi kiran salla ake ji a ƙauyuka uku. Yarinya ta gyara hijabi ta fara: "Muna maraba da manyan baki." Wasu suka murmusa. Na ce a raina tsoron taro ne, za ta ware.

Sai ta iso layin da na fi ji da shi, wanda na kwana ina gogewa. Ni dai ƙashin baya na rubuta, Allah ne shaidata, wayar ma tana nan. Yarinya ta ɗaga murya, ta ja wasalin nan har ƙarshensa yadda na koya mata:

"Mai girma Dagaci, ranka ya dade, kowa ya shaida kai ne kashin bayan garin nan."

Daidai nan janareta ya yi tari, rabin maganar ya maƙale. Da an bar ta haka, da na tsira. Amma shugaban taro, bawan Allah mai son a ji komai, ya karɓi makirfo ya bubbuga, ya ce, "Maimaita, 'yata, ba a ji wurin nan ba. Wuri ne mai muhimmanci."

Ta maimaita, a tsanake, gaɓa-gaɓa. Ƙaho ya ɗauka ya kai wa mata a tsakar gida, ya kai wa masu ɗaurin dawa a gona, bangon aji uku ya dawo mana da ita mu sake ji. Shi kuwa bafaden da ke tsugune gaban Dagaci, wanda aikinsa ke nan tun ana sallama, gaskata kowace jimla ba tare da ya saurara ba, ya ɗaga hannu ya rangaɗa: "Ƙwarai kuwa! Kaf ƙasar nan an san haka!"

Wuri ya yi shiru kamar malam ya ci shirwa. Dagaci ya ja amawali ya rufe baki, ya rufe hanci, saura idanu. Idanun kuwa ba yarinyar suka nema ba. Suka bi layin malamai kujera-kujera, suka wuce na lissafi, suka wuce na Arabiyya, suka sauka a kaina. Wakilin Hakimi ya shiga duba agogon da ba ya hannunsa. Jami'in ilimi ya sunkuya ɗaure igiyar takalmi, alhali sandal ne a ƙafarsa. Ni kuma ina tsaye da farantin cincin, na rasa inda ake ajiye faranti a duniya. Yarinyar ta waiwayo ta dube ni da fara'a, tana jiran in gyaɗa mata kai, don ko baƙi ɗaya ba ta kuskure ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sanar da mahalarta cewa garinmu na fama da kishin ruwa, kuma saboda rashin tagogi, da hunturu kura kan shigo aji shida ta hana yara karatu.

Ana tashi masu shawara suka yi mini zobe. Alaramma ya ce, "Malam, da ajami ka rubuta, ƙaf wau daban, kaf lasan daban, ba mai haɗa su." Hedimasta ya ce a zamanin tafireta biro suke sa wa kowane baƙi su lanƙwasa masa kai, ba a taɓa zagin Dagaci ba. Mai caji ya ratso taro don kawai ya ce, "Na faɗa maka filashin."

Can sai ga wani tsoho ya dafa ni, da bindigar toka a kafaɗa. Maharbi ne da sana'arsa ta mutu tun da gonaki suka cinye daji. A nan gona manne take da gona, daga gero sai gyaɗa, ko zomo sai an yi sa'a. Idonsa har da ƙwalla.

"Ɗana, rabu da su," in ji shi. "Ta wace tagar take shigowa?"