Ango, An Shafa Fatiha Ko Ba A Shafa Ba?

An ce ka daɗe a Bronx kana jan tasi, fasfon Amurka ya shigo hannu, yanzu kuma ka ga yarinya a gida kana so ka ɗauko ta. Madalla, Allah ya sanya alheri. Sai dai na ji wai har ka yanke shawara: bizar budurwa za ka nema, wadda suke kira K-1, don ita ce mai sauri. Wa ya gaya maka? Abokinka na majalisa? Wancan da har yau matarsa ke Damagaram tana jira?

Ka ce, "Ai a talbijin na gani, kwana casa'in ne kacal." To daga nan aka fara ɓata. Shirin nan na 90 Day Fiancé da tashar TLC ta fara a 2014, wanda har Sojaboy ɗan Sakkwato ya fito a wani reshensa, shi ya sa mutane ke zaton kwana 90 ne tsakanin cike fom da saukar amarya. Ina! Kwana 90 wa'adi ne da ake ba ku bayan ta sauka: ku ɗaura aure a cikinsa ko ta tattara ta koma, ba a ƙara ko yini ɗaya. Kafin saukar kuwa, sai ka kai fom I-129F ga hukumar USCIS, ya yi watanni a can, ya wuce cibiyar biza da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, sannan ya isa ofishin jakadanci. In 'yar Najeriya ce, Legas za ta je ganawa, ko da a Abuja aka yanke mata cibiya.

Amma bar batun sauri tukuna. Tambaya ɗaya gare ni, kuma ka dube ni ka amsa: an shafa fatiha ko ba a shafa ba?

Ka ce, "To… ɗan ɗaurin aure ne dai aka yi a masallacin unguwa. Ba mu je rajista ba, Bature bai sani ba." Ɗan ɗaurin aure! Kai jama'a! An biya sadaki, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, shaidu sun ji, maroƙi ya shelanta, an yi wawar alawa da goro, shi ne ɗan? Je ka faɗa wa liman haka. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta san aure iri uku a Najeriya: na rajista, na gargajiya, da na Musulunci. Auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi, aure ne a wurinsu. K-1 kuwa ta wadda ba a aura ba ce. Tun ranar da aka ɗaura, kai da bizar budurwa kun yi hannun riga.

Abin dariyar ma, da hannunka za ka tona kanka. An ce ku kawo hujjar cewa soyayyarku ta gaskiya ce, sai ka zaɓo hotunan da suka fi kyau. Ga ta nan tsaye gaban tagar gilashi a Legas, jami'i na juya hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ga ta cikin lafaya, lalle har gwiwar hannu. Ga ka cikin babbar riga da ta sha aiki, abokai na miƙo maka hannu. Ga mata talatin sun yi anko. Ya ɗago kai ya ce, "Wannan wane taro ne?" Me za ta ce, walimar saukar karatu? Mutumin nan hotunan biki yake kallo daga safe har yamma. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ka ce, "Shi ke nan, ba za a ɗaura ba sai ta zo." Yauwa, wannan ya dace da doka. Saura Alhaji, mahaifinta. Je ka zaurensa, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi da gajiya, sannan ka ce, "Baba, alfarma nake nema, a ba ni ita ta bi ni Amurka, in mun sauka za a ɗaura cikin kwana casa'in." Don Allah ranar ka gayyace ni. Ba zan ce komai ba, daga bakin ƙofa zan tsaya, in ga ta inda za ka fita. A 1970 aka ƙirƙiro bizar nan, lokacin yaƙin Biyetnam, kuma an yi ta ne don mutanen da budurwa ke ɗaukar jakarta ta bi saurayi iyaye na ɗaga mata hannu. Ba da gidan Alhaji aka yi shawara ba.

Na ga idonka ya yi haske, ka samo dabara. "To a ɗaura ba na nan. Kawu ya karɓa mini, in nemi bizar mata daga nan." A shari'a aurenka ya ɗauru, babu mai ja. Amma dokar shige da ficen Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura ta wakilci, ango na wata ƙasa amarya na wata, sai in kun haɗu daga baya kun zauna zaman miji da mata. Kuɗin jirgin da kake gudu dai sai ka biya shi. Ta wajen K-1 ma haka ne: dole ku kasance kun ga juna ido da ido cikin shekara biyu kafin a shigar da fom. Kiran bidiyo na WhatsApp har asuba ba ya shiga lissafi. Ka ce ai ana ɗaga ƙafa ga waɗanda al'adarsu ta hana ganin juna kafin aure? Ana ɗagawa, da ƙyar. Amma kai, da aka san ƙabilarku da zance a ƙofar gida bayan isha'i, da wane bakin za ka nema?

Yanzu bari mu dubi wadda ka raina, bizar matar aure, CR-1. Ka je gida, a ɗaura, ta tare, ka karɓi takardar shaidar aure, ka dawo ka shigar da fom I-130. Jira? Akwai shi, mai cin rai, sau da yawa ya haura shekara. Amma ranar da ta sauka aka buga mata hatimi a fasfo, ta zama mai izinin zama na dindindin. Tana iya neman aiki, tana iya komawa gida biki ta dawo. Mai K-1 kuwa, saukarta ke da wuya sabon aiki ya tashi: a ɗaura aure, a cike fom I-485, a zauna jiran katin zama. Aiki sai an nemi izini dabam, fita ƙasar sai an nemi wani izinin dabam. In aka bugo waya cewa mahaifiyarta na kwance, ta hau jirgi ba tare da wannan izinin ba, an ɗauka ta yi watsi da neman nata. Ka kawo yarinya daga gida mai cike da mutane ka ajiye a ɗaki a hawa na biyar, sanyi a waje, kai kana kan titi har dare. Sauri ya haifi nawa.

Ka ce, "To aƙalla ta fi arha." Kawo kalkuleta. A jadawalin da ya fara aiki a Afrilun 2024, I-129F dala 675 ne, bizar 265, I-485 kuwa 1,440: dala 2,380 ke nan, ba a sa izinin aiki da na tafiya ba. Ɗaya hanyar: I-130 dala 675, bizar 325, duba takardar ɗaukar nauyi 120, kuɗin katin 235, jimilla 1,355. Ratar dala dubu da 'yan kai. Canza ta naira ka ga ko ba ta cika akwatunan lefe.

Kada ka ce na yi wa K-1 ƙiyayya. Tana da mutanenta. Bazawara mai ɗa ɗan shekara 19, alal misali: a hanyar aure sai in an ɗaura kafin yaron ya cika 18 ake lissafa shi agolanka, amma bizar K-2 tana ɗaukar wanda bai kai 21 ba, in bai yi aure ba. Kai kuma na gefe mai katin zama kawai, da ke ta gyaɗa kai tun ɗazu, K-1 ba taka ba ce sam, ta 'yan ƙasa ce. Naka layin aure ne. Wanda ya ce maka akwai K-3 ta shekarar 2000 mai gajarce hanya, tsohon labari yake ba ka, da wuya a ga wanda ya same ta yau.

"Me zai hana ta zo da bizar yawon buɗe ido, in ta shigo sai mu san abin yi?" A'uzubillahi! Wato a tambaye ta me za ta je yi ta ce ziyara, alhali turaren wuta da humra sun cika akwati. In aka tabbatar ta ɓoye niyya ta samu biza, haramcin shiga na har abada ne. Mai auren takarda kuma, wanda aka biya ya tsaya a matsayin miji, dokar 1986 ta tanadar masa ɗauri har shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000. Saboda irinsu ne ma duk auren da bai kai shekara biyu ba ake ba shi katin gwaji na shekara biyu, ku dawo da fom I-751 cikin kwana 90 na ƙarshe ku nuna har yanzu tukunyarku ɗaya. In auren ya haura shekara biyu kafin ta shigo, katin shekara goma za a ba ta kai tsaye, wato IR-1. Ka ga jiran ma da ladansa.

Me ka ce a hankali? Ɗaga murya. Au, akwai uwargida? To Alhaji ƙarami, dokarsu ta farkon kawai ta sani, kuma duk wanda zai shigo ya yi zaman mace fiye da ɗaya an hana shi shiga. Ke ma Hajiya da ke ƙunshe dariya, mai shirin ɗauko miji daga Kano, ki bincika ko akwai wata a ɗaka.

Sai takardar da kowa ke sa wa hannu bai karanta ba, I-864, ta ɗaukar nauyi. Sai samunka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatinsu, kuma takardun harajinka za a duba, ba kaurin aljihunka ba. Mai tasin da ya saba kukan talauci gaban masu haraji, ranar zai gane. Alkawarin ba ya warwarewa da saki. Kana cikinsa har sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta yi aikin kusan shekara goma, ko ta bar ƙasar ɗungurungum, ko ɗayanku ya riga mu gidan gaskiya. Babu ƙarewar idda a nan.

Ƙofar kanta tana motsi da siyasa. A farkon 2020 Trump ya rufe wa 'yan Najeriya bizar ƙaura, Biden ya buɗe a Janairun 2021. A Yunin 2025 aka sa Chadi da Sudan cikin jerin waɗanda aka hana, a Disamba aka ƙara da Nijar, Najeriya ma ta sami nata takunkumin. Don haka kafin ka sa rana, duba shafin ofishin jakadanci, ka ga lauyan shige da fice na gaske, ba mai shagon cike fom ba.

Har yanzu kana gardama? To ni dai hukuncina ke nan: in amaryar 'yar gidan Alhaji ce, sayi tikiti, je ka zauna gaban liman da kanka, ta tare, ka karɓi takarda, ka dawo ka shigar da I-130. Hotunan ankon nan duka ka haɗa a ciki, a wannan layin su ne shaidunka.