Milimita 20 Kacal

Kafin dillalin motoci ya turo mini takardar zaɓi a waya, ban san akwai mutanen da ake biya albashi don su rage wa mota tsawon ƙafa ba. Ni dai launi na yi niyyar zaɓa. Sai ga shafi guda sukutum a kan abin da motar za ta zauna a kai: sifirin da shokozoba na gama-gari, sai na wasanni da ke sauke mota da milimita 10, sai wani da ya fi shi zafi mai milimita 20, sannan na ƙarshe, shi ma 20 ɗin, amma da maɓallin da ake dannawa ya yi laushi ko ya yi tauri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da motar ta ƙara yin ƙasa, kuɗin sama yake yi.

Ba zan faɗi sunan motar ba, domin har yau ina biyan bashinta, wanda ake bi kuwa ba ya ɗaga murya. 'Yar Jamus ce dai, shuɗiya.

Na duƙufa bincike, dare ya zama rana. Na gano cewa abin ba yaudara ba ce. Masu BMW suna da M Sport, wanda ke sauke motar da wajen milimita 10. Golf GTI ta fi Golf ta talakawa kusanci da ƙasa da milimita 15, Golf R kuma da 20. Hikimar ita ce, in nauyin mota ya matso ƙasa, ba ta karkacewa a kwana, taya kuma tana riƙe kwalta. Sai dai gajeren sifirin dole ya zama mai tauri, in ba haka ba da an faɗa rami zai lotse gaba ɗaya, ƙarfe ya daki ƙarfe. Irin waɗannan motoci a Nürburgring ake gwada su, wata hanyar tsere da ta haura kilomita 20 a cikin dajin Jamus, kwana na bin kwana. Ni kuwa babbar kwanar da nake sha a rayuwata ita ce shataletalen Berger a Abuja, inda cunkoso ba ya barin mutum ya fita daga giya ta biyu. Wannan bai dame ni ba. Mutum yana sayen rigar sanyi tun kafin hunturu.

Uwargida ta ɗauko rular yaro daga jakar makaranta, ta auna milimita 20, ta ɗora babban yatsanta a kai ya rufe shi ruf.

“Abban yara, wannan ɗan abin ne za ka biya wa kuɗin shinkafar wata nawa?”

Na yi mata bayanin tsakiyar nauyi. Ta ce Allah Ya sanya alheri, da irin muryar da ake yi wa mai shirin ƙara aure.

Bakanikena na Apo ma sai da ya ajiye sifana ya dube ni. “Ranka ya daɗe, mu nan ɗaga mota ake kawo mana. Mutum ya sayo ta daga Kwatano, ya zo mu saka masa roba a saman sifirin ta ƙara tsawo. Kai ne na farko da na ji zai biya a sauke masa.” Na ce masa ai ni ina da maɓalli. Na zaɓi na ƙarshe.

Gaskiya ɗaya ce, a titunan Maitama motar nan ba ta da na biyu. Ka juya sitiyari, kafin ka gama tunani ta riga ta juya. Har ƙirƙirar aike nake yi bayan isha don in bi ta gadojin sama.

Ana cikin haka aka sa ranar kai lefen ƙanena. Gwaggo ta yanke hukunci daga Zariya cewa sabuwar mota ce za ta ja gaba, don dangin amarya su san daga gidan da aka fito. Ita ta zauna a gaba. A baya kuma Inna da Yaya Babba da wata maƙwabciya, dukkansu Allah Ya yi musu rufin asiri a jiki. But ya cika da akwatuna, aka cusa huhun goro da katan ɗin alewa a saƙo. Abin da injiniyoyin Jamus suka rage tsakanin motar da ƙasa, Gwaggo ta ƙarasa shi.

Mun wuce Samaru da Shika lafiya lau. Can gaban Giwa muka saki kwalta muka kama hanyar ƙauyen. Duk wanda ya san irin waɗannan garuruwa ya san tudun rage gudu ba da ma'auni ake gina shi ba. Mota ta taɓa buge akuya ko yaro, samari su fito da shebur da siminti, tsawon tudun kuma gwargwadon ɓacin ran da aka yi ne. Mutanen garin nan, da alama, an daɗe ana ɓata musu rai.

A tudun farko muka ji ƙuuu daga ƙarƙashi, tun daga bamba har salansa.

“Innalillahi! Kai ɗan nan, me ka taka?”

“Ba komai, Gwaggo, yanzu zan gyara.”

Na danna maɓallin laushi cikin isa. Shi wannan maɓalli, ashe, ƙofar da mai ke bi a cikin shokozoba kawai yake buɗewa ko ya tsuke. Tsawon mota ba ruwansa da shi. Mai ɗaga mota jakar iska ce, tana shafi na gaba, a motocin da su da albashina ko gaisawa ba sa yi. Saboda haka a tudu na biyu motar ta yi lilo cikin ladabi da taushi, sannan ta zauna daram a kan siminti.

“To danna na ɗagawar mana,” in ji Yaya Babba.

Na ce yana hutawa.

Daga nan muka fito da tsari. In mun iso tudu, sai in tsaya, mata huɗu su fito da leshinsu da gwala-gwalansu, su tsallaka da ƙafa, ni kuma in karkato motar in hau a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar amaryar da ke tsallake kwata da sabon zani. Sai su koma ciki, mu yi tafiyar da ba ta kai jifa ba, a sake fitowa. Yaran gari suka taru suna bin mu, har aka samu mai yi mini kwandasta: “Taho, taho, tsaya! Ta taɓa!” Maƙwabciya ta ce tun da take ba ta taɓa ganin motar da ake rakawa ba.

Sai ga Kawu a bayanmu da tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kakuri, wadda ta fara aiki a Kaduna tun 1975. Mutanen da ke ciki sun fi kujerun yawa. Ya hau tudun bai ko taɓa birki ba, motar ta yi ɗan rausaya ta sauka. Ya leƙo ta taga.

“Ɗana, in rage maka Gwaggonka ne?”

Ban amsa ba, don ta riga ta buɗe ƙofa.

Ƙarshen wasan a bakin gidan surukai aka yi. Akwai kwalbati mai doro a kan magudanar ruwa. Na hau a kaikaice yadda na saba, motar ta ɗare a kan cikinta, tayar baya ɗaya tana reto a iska. Samarin unguwar, ciki har da yayyen amarya, su suka naɗe hannun riga suka ɗaga ta da “ya Allah”. Robar da ke rufe ƙasan inji ta ɓalle tana jan ƙasa, wani mai faci ya ɗaure mini ita da wayar keke. Labarin da ya shiga cikin gida shi ne, dangin ango sun iso a ƙasa, motarsu na biye da su. Da aka kawo tukwici, uwar amarya ta ware dubu biyu daban, ta ce a kai wa direba ya duba lafiyar motar.

Da na dawo, bakanike ya leƙa ƙarƙashi, ya fito yana goge hannu, ya ce in ina so zai nemo dogon sifirin ya saka. Na ƙi. Kuɗi na biya aka sauke ta, ba zan sake biya a ɗaga ta ba, kuma duk wanda ya sha kwana da ita sau ɗaya zai san ba a banza aka yi ta ba. Abin da ya canja kawai shi ne zumunci: yanzu kafin in amsa gayyatar suna ko ɗaurin aure, sai na tambayi tudu nawa ne a layin. In za a je ƙauye kuma, ina ajiye ta a Zariya in shiga ta Kawu, a baya, kusa da Inna.

Saboda haka mai karatu, in ka ga wata shuɗiyar mota ta gicciye titi tana hawa tudu a kaikaice, don girman Allah kada ka danna ham. Ni ne, kuma akwai sauran tayoyi uku.