Mu da Tayoyinmu

Mu a unguwar nan mota muke so, taya kuwa ko oho. Mutum zai sayi Prado ko Hilux ta maƙudan miliyoyi, kullum da safe yaro ya wanke ta tas, a fesa mata turare, a shimfiɗa darduma a gaban sitiyari don kada rana ta taɓa, amma tayoyin nan huɗu, inda aka ɗaura su ranar saye nan za su mutu. Awonmu ɗaya ne tak: ka zagaya, ka kai wa kowace shuri, ka gyaɗa kai ka ce, "Da sauranta."

Mai facin bakin titinmu ya gaji da wa'azi. Ran nan ya tare Alhajin layinmu da ya zo shan iska.

"Ranka ya daɗe, a juya maka tayoyin nan mana, na gaba su koma baya."

"Wani laifi suka yi maka a inda suke?"

"Taɓa gefen wannan ka ji, Alhaji."

Alhaji ya shafa, ya yi shiru. Gefen ya suɗe, tsakiya kuwa zanen yana nan daram. Haka tayar gaba take ci. Ita ke karya kwana, ita ke ɗaukar nauyin inji, ita ke shan mafi yawan wahalar birki. Ta baya aikinta tura mota da ɗaukar lodi, nata cin daban. Idan ana sauya musu wuri sai su tsufa tare. A irin waɗannan motocin, na baya ake kawowa gaba kai tsaye, kowace a ɓangarenta, na gaba kuma su koma baya a gicciye, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. Sai fa in tayar mai zanen kibiya ce a gefe, wadda aka ƙera don ta riƙa juyawa ta fuska ɗaya. Ita gaba da baya kawai ake yi mata, ba ta tsallakawa. Masu ƙera taya kan ce a yi haka duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. To mu wa ke duban mita? Rabinmu tamu ta daɗe da mutuwa. Mai faci ya ce a haɗa da ranar juyen baƙin mai, tunda shi dai muna tsoron injin ya buga.

Kada a ce ba ma juya taya sam. Muna yi, amma sai ta zama tsirara, waya ta leƙo, sannan mu ce a mayar da ita baya ta huta, kamar dai a baya ba ƙasa take takawa ba.

Inda abin ya fi ba ni dariya shi ne sayen ɗai-ɗai. Ta fashe a hanyar Zariya, a sayi ɗaya 'yar Beljiyam. Wata ta kumbura a ramin damina, a sayi sabuwa 'yar Caina. Kafin shekara ta zagayo mota ɗaya tana tafe da tayoyi huɗu, uwa daban uba daban, wannan 265/65, waccan 265/70, wai ai duk rim 17 ne. Ƙaramar mota za ta iya haƙuri. Amma Prado da 'yan uwanta, da ƙafafunsu huɗu ke ja a kowane lokaci, ba sa yafewa: taya mai tsayi da gajera ba sa juyawa daidai, sai haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya su yi ta aiki babu hutu, su ɗau zafi, su ci. Kuɗin da ka ƙi ba mai taya, bakanike zai karɓa ninki. Masu Hilux kuma nasu salon daban: an sa giyar ƙafa huɗu a rairayin ƙauye, an hau kwalta an manta an cire, mota na ƙugi a kwana, taya na goge ƙasa, direba na cewa aljanun hanya ne.

Ga shi taya ba araha ba. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, tun daga nan farashin taya dala yake bi.

Safaya fa? Ita ce marainiya. Ta Hilux tana rataye a ƙarƙashi, sarƙar ta yi tsatsa, ta Prado tana bayan ƙofa rana na gasa ta. In girmanta ɗaya da sauran, ya kamata ta shiga layi ita ma. Mai faci ya nuna wa Alhaji lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Aka karanta: 1814.

"Alhaji, wannan ai ta girmi autarka."

"To ai ba ta taɓa taka ƙasa ba, sabuwa ce fil! Kai dai ƙara mini iska, juyin sai bayan Sallah."