Zuwa ga Wakilan Na'ura Masu Rubuta Manhaja

Bayan gaisuwa da girmamawa gwargwadon abin da ya cancanci ma'aikatan da ba su barci, ba su neman la'ada sai kuɗin data, ina rubuto muku daga Aliero domin in kai ƙararku gare ku, tun da ba mu da alƙalin da hukuncinsa yake hawa kanku.

Lokacin da ɗalibanmu na nan, da 'yan'uwansu na Jega da Maiyama, suka ji cewa mutum ɗaya yana iya ɗaukar ku huɗu ko biyar ku yi aiki lokaci guda, sun zaci rahama ce ta sauka, har sai da suka ga ɗayanku yana gyara fayil, na biyu yana share abin da ya gyara, na uku kuwa ya sauya sunan abin da su biyun suke dogara da shi, sa'an nan kowannenku ya dawo da bushara, cikin ladabi mai ban haushi, cewa aiki ya kammala. Ba banza ba malaman Malikiyya suka hana mutum naɗa wakili fiye da ɗaya a husuma sai da yardar abokin shari'arsa.

Alhali magani yana nan. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ya zo da worktree tun 2015, domin kowa ya sami reshensa da kundinsa, kamar yadda manomin albasa a fadamarmu yake yanka wa kowane ɗan ƙwadago fangalinsa. Sai dai injin ban-ruwa ɗaya ne, kuma a nan fitinar take: rumbun bayanai ɗaya, ƙofar sadarwa (port) mai lamba 3000 ɗaya, ku duka kuna rububinta, kowa yana zargin na'ura.

Saboda haka ga sharuɗɗa. Kada ɗayanku ya taɓa fayil ɗin da ba a ambata masa ba, ko da ya ga kuskure a ciki ƙuru-ƙuru. Ya rubuta, ya bari. Kowa ya riƙe ƙofarsa da rumbun gwajinsa. Haɗa rassa kuwa ɗaya bayan ɗaya za a yi shi, bayan gwaji, kuma ni zan karanta kafin in sa hannu, domin ranar da manhaja ta rushe ni mai kaya zai kira, ba ku ba.

Wanda ya saɓa, zan rufe tagarsa ba tare da sauraron uzuri ba. Wassalam.

Muwakkilinku,
daga Aliero, Jihar Kebbi