Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hajiya Leda

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan kin ga ƙarshen damina lafiya, ko da yake babu daminar da ta taɓa yi miki komai. An ce hankalinki ya tashi saboda ɗalibai sun ɗaura ɗamarar ganin bayanki. Daga sakandare har jami'a, da wuya a yi baje kolin kimiyya ba a kafa teburi a kanki ba. Wannan ya narka ki da yashi ya buga bulon intalok, waccan ta saƙa jaka da ledojin fiya wata, wani ya jera kwandunan shara masu launi uku, ga kuma mai manhajar waya da za ta kira motar kwasar shara. Ki sha kuruminki. Yawancinsu ba su gano inda asirinki yake ba. Ni zan tona shi a nan, don na san ba za ki karanta ba: ke da jarida ba kwa ga maciji tun da kika ƙwace mata sana'ar ƙunshe ƙosai.

Asirin bai shafi asalinki ba, duk da cewa ke 'yar dangi ce. A 1933 aka yi tuntuɓe da sinadarinki a wani ɗakin gwaji a Ingila, a 1965 kuma wani kamfani a Suwidin ya yi rajistar siffarki mai hannu biyu, wadda injiniya Sten Gustaf Thulin ya zana. Asirin shi ne kyauta kike shiga gida, kuma idan kin fito babu mai taya ki ko sisi. Wanda yake shakka ya tsaya bakin kowace bola a Kano ya kalli 'yan jari bola da buhunansu. Ƙarfe ba ya kwana a wurin, balle jan ƙarfe. Gwangwanin lemo ana narka shi ya koma tukunya da ludayi. Gorar roba kafin ta taɓa ƙasa an cafe, gobe ka gan ta cike da zoɓo ko kunun aya ko man ja. Tsohuwar taya ta zama takalmi. Babu wanda ya tara yaran nan ya yi musu lacca kan kare muhalli, sikelin dillali ne malaminsu. Idan sun gama tsinta suka tafi, wa ake bari a kan juji yana kaɗawa? Ke. Sai an tara ɗaruruwanki kafin allurar sikeli ta kai kilo, ga ki jiƙe da miya da ƙasa, sai an wanke an shanya kafin mai injin niƙa ya kalle ki. Ko inda ake sayenki, kuɗin bai cika biyan sunkuyon ba.

Ɓarnarki kuwa ba a cewa komai. Birnin nan ya daɗe da sanin yadda ake juya shara tun kafin a buɗe sashen nazarin muhalli: jakuna su shigo da itace daga ƙauyukan kewaye, su koma da mangala cike da toka da kashin dabbobi, gona ta ci, hatsi ya dawo kasuwa. Yau manomin da ya sayi takin bola sai ya zauna tsince ki, abin da ya kuɓuce masa ya kwanta a kunya shekara da shekaru. Mahauta sun san ki a tumbin akuyar da ta yi ta rama mai ita na zargin sammore. Lambatu kuwa ya zama turakarki, kogin Jakara shaida ne. A Bangaladash sai da aka gano hannunki a toshewar magudanai lokacin manyan ambaliyoyi, sannan a 2002 ta zama ƙasa ta farko da ta haramta ki.

To a nan ne nake cewa ɗaliban sun yi miki sassauci. Jakar da aka saƙa da ledoji tana da kyau a hoto, amma abin da ajin ya saƙa a zango guda bai kai abin da tashar mota ɗaya ke zubarwa kafin azahar ba. Bulon roba dabara ce ta gaske, sai dai idan a buɗaɗɗen kasko aka narka ki, hayaƙin a huhun ɗalibin yake sauka, kuma ranar da bulon ya fi na siminti tsada magini ba zai waiwaye shi ba. Kwanduna uku kuma, idan mota ɗaya ce za ta zo ta juye su wuri guda, an yi ba a yi ba ke nan. Za a ce ai manufar wayar da kai ce, yaro da kaɗan yake farawa. Haka ne, kuma ba na raina hannun da ya koyi ƙera abu. Amma matar da ke kwashe ki daga kwata ruwa na shigar mata ɗaki ba ta buƙatar a wayar mata da kai. Ta san ki sarai. Gobe mai awara zai sake miƙo mata ke kyauta, ta karɓa.

Abin da ke kayar da ke kuɗi ne a ka. A 2002 ƙasar Ayaland ta sa harajin santi 15 a kan kowace ledar kanti, amfani da ke ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, ba tare da an ɗaure kowa ba. A Jamus mai sayen ruwan gora yana ajiye santi 25 da za a mayar masa idan ya dawo da gorar, shi ya sa fiye da kashi 90 cikin 100 ke komawa. Masu zafin kai za su ce a haramta ki kawai, kamar yadda Ruwanda ta yi a 2008 da Kenya a 2017. Na san wannan ba ya ba ki tsoro sosai. Nijar ta kafa miki doka tun 2014, amma har gobe kina shawagi a kasuwar Maraɗi kamar ba da ke ake ba. Doka tana buƙatar mai tsaron iyaka da mai kame, farashi kuwa mai shago da mai saye ne ke tsaronsa.

Hujjarki mafi ƙarfi ita ce talaka, kuma na san za ki ɓuya a bayansa. Za ki ce wanda ke sayen man gyaɗa na cokali da sukari na ƙulli ba shi da abin biyan leda, kuma unguwar da famfo ya bushe ba ta da madadin fiya wata. Ba ki yi ƙarya ba, kuma duk dabarar da ta manta da famfo ta gina a kan yashi. Amma talakan yana biyanki tun tuni, da akuyarsa, da katangarsa ta ƙasa, da kuɗin maganin zazzaɓin sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatar da kika toshe. Kuɗin ajiya kuma ba haraji ba ne, dawowa yake, kuma wanda zai fi cin moriyarsa shi ne yaron nan mai buhu. Ƙanwarki ta ruwa ma ta sauƙaƙa aikin, domin ita ba kamar ke baƙa ba ce da ba a san ubanki ba: sunan masana'anta da adireshi da lambar NAFDAC duk suna rubuce a goshinta. Motar da ta kawo jaka mai ƙulli 20 fanko take komawa, ita ce za ta kwashi ledojin da aka dawo da su.

Saboda haka ɗalibin da ya kamata ki ji tsoro ba shi da abin ɗorawa a teburin baje koli. Shi ne wanda zai ɗauki sikeli da littafi ya zauna da dillalan jari bola, ya lissafa naira nawa za a ɗora wa kilonki kafin sunkuyo ya biya, sannan ya shawo kan masu shagunan makarantarsu su gwada na zango ɗaya: leda da kuɗinta, ledar ruwa da ajiyarta. Harabar Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello a Samaru gari ce guda mai katanga da ƙofa, ana iya ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Idan alƙalan gasa suka fara ba irin wannan yaro na ɗaya, ki nemi lauya.

Ki gaida maƙwabcinki farin mazubin tekawe, wanda Legas ta kora a Janairun 2024. Mun ga ya iso nan lafiya.

Naki, ba da son ransa ba,
Wani mai ɗaki a bakin kwata