Shaidar Zur Mai Ƙaho

Kafin kowa ya yi mini gori, bari in fara da cewa ni malamin lissafi ne. 'Ya'yan mutane nake koya wa riba da faɗuwa a wata sakandaren gwamnati a Kano. Don haka duk wanda ya ji labarin ragona a bakin mutanen layinmu, ya sani ba jahilci ne ya kai ni ba. Da ilmina na shiga, kuma har gobe ina da hujjoji.

Layyar 2025 ta zo wa ma'aikaci a karkace. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashi ya daina ganin tsakiyar wata. Ana saura 'yan makonni Sallah kuma sai ga labari a rediyo cewa gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta, don kada su yi wa mutanenta tsada. Wanda ya san Maigatari da Mai'adua da Illela ya san ta inda raguna da yawa suke shigo mana, ya kuma san abin da wannan labari zai yi wa farashi. Muka zauna da uwargida muka yanke: naira dubu 150, ɗan ƙasa madaidaici. Har ta ƙara da cewa, "Malam, in ka ga abin ya fi ƙarfi, akuya ma layya ce." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni ba a bakin titi zan saya ba inda ake yanka mutane kafin a yanka rago. Wudil zan je, ranar Juma'a, in sayo daga tushe.

Na isa da hantsi, ƙura ta riga ta tashi. Na bi turke-turke ina yin abin da na ga masana suna yi: in danna gadon baya, in matsa gindin wutsiya, in buɗe baki in duba haƙora, ko da yake ban san abin da nake nema a cikin bakin ba. Na ga uda masu gaba baƙi baya fari, na ga 'yan ƙasa iri-iri. Har na daidaita da wani ɗan ƙasa a kan dubu 140, siriri, mai kallon wanda shi ma yake bin gwamnati bashi. Na sa hannu a aljihu ke nan sai na ji an ce, "Alhaji!"

Na waiga in ga wa ake kira. Ni dai iyakacina da Makka filin jirgin Malam Aminu Kano, shi ma rakiya. Amma wani dillali ne, ni yake kallo, ya riga ya kama hannuna da hannu biyu.

"Alhaji, wannan ba ajinka ba ne. Zo ka ga dabba. Ba saye za ka yi ba, kallo ai kyauta ne."

Balami ne. Fari fat, an wanke shi har da shuɗi, ga doron hanci, ga kunnuwa a zube, ƙaho ya murɗe ya sake murɗewa. Tsayinsa ya wuce ƙuguna. Sauran raguna suna ta kuka suna jan igiya, shi yana tsaye yana tuƙa a hankali, ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai. Wannan kau da kan ne ya ci ni. An ce dubu 700. Na yi dariya, dillali ya taya ni dariya, sannan ya ce, "To taya mana, Alhaji, ko don albarkacin baki." Don wasa kawai na ce dubu 300. Mai rago ko kallona bai yi ba ya ce, "Albarka."

Sai ga wani mutum cikin shadda mai maiƙo, yana kaɗa mukullin mota a yatsa. Ya zagaya ragon, ya daki cinyarsa, ya ce dubu 450. Dillali ya matso kunnena. "Ɗan kasuwa ne, Legas zai loda shi. Haba Alhaji, rago irin wannan a ce ya ƙare a hannun wanda bai san darajarsa ba? Gidan ilmi ya dace da shi." Ban san yadda aka yi ya gane ni malami ne ba, sai daga baya na lura da jan biro a aljihun rigata. Ana cikin haka na ji wata murya ta ce dubu 500. Na juya in ga wane mai ƙarfin hali ne, sai na ga kowa ni yake kallo. Mai rago ya damƙe hannuna ya ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Wayata, wadda kullum sai na ɗaga ta sama ina neman sabis kafin in tura wa yaro kuɗin makaranta, ran nan ko tari ba ta yi ba. A asusun akwai dubu 150 na layya, da dubu 250 na hayar gida da zan biya bayan Sallah, da dubu 120 na adashen uwargida da ta ba ni ajiya za ta sayi keken ɗinki. La'ada da rasit da kuɗin mota suka share ragowar. Da muka zo fita na hango mai shaddar nan a ƙarƙashin rumfa, shi da dillalina, suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Mutanen layinmu sun ba wannan fassara iri-iri. Ni abin da na gani shi ne zumunci: mutum ya rasa rago, ana ba shi haƙuri.

A bayan akori-kura muka taho, ni da shi, ina riƙe da ƙaho. Har muka haye gada ina jin kaina sarki. Daidai Mariri wani gumi mai sanyi ya fara bin bayana, cikina ya ɗuri ruwa, na ciro waya na duba asusu ko an yi kuskure an bar wani abu. Ba a yi kuskure ba. Daga nan zuwa gida na yi aikin ƙwaƙwalwar da ban taɓa yin irinsa ba tun jarrabawar ƙarshe a kwalejin horon malamai.

Yaran unguwa suka raka mu da ihu har ƙofa, inda ƙaho ya ƙi shiga sai da aka karkata kan. Uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya.

"Malam, na wa ne?"

"Namu ne."

"Mu da su wa?"

Na ce mata sauƙi aka yi mini. Ta ce ta ji, nawa ne sauƙin? Na ce ai sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Ta ce to madalla, in kuɗin sun iso gidan a ware mata dubu 120. Ban taɓa gaya mata na taɓa ajiyarta ba. Ragon kawai ta kalla ta cire lissafin, ita da ba ta koyar da kowa.

Daren nan na zauna da takarda. Na ƙiyasta nauyinsa, na cire fata da ƙashi da kayan ciki, na buga da farashin kilo a wurin mahauta. Bai kai ba. Na ƙara masa nauyi. Bai kai ba. Na sa kuɗin fata, na sa ƙaho, na sa takin da zai tara kafin Sallah, na sa farin cikin yara a matsayin riba marar adadi, sai ga lissafi ya fara haske. Da asuba na kai wa malaminmu na zaure don in samu hatimin addini. Na tambaye shi, ba rago ne ya fi falala a layya ba? Ya ce haka ne, a mazhabarmu ta Malikiyya rago yana gaba da sa, yana gaba da raƙumi, kuma an so mai ƙiba. Na gyara zama. Sai ya ci gaba da cewa layya sunna ce a kan mai hali, wanda ba ya bukatar kuɗin a larurar shekararsa, kuma ba a sayar da namanta ko fatarta. Da na ga malam ya fara fita daga abin da aka tambaye shi, sai na yi masa sallama.

Ci kuwa, ba a magana. Ƙarshen rani ne, harawa ta yi tsada, shi kuma ba ya kallon dusa sai an haɗa da ƙowa an barbaɗa kanwa. Ran da na gwada rage masa, ya tsinke igiya ya shiga ɗaki ya cinye rabin takardun gwajin 'yan aji biyu. Duk wanda takardarsa ta shiga cikin ragon na ba shi maki mai kyau, tunda ba laifinsa ba ne. Na sayi sarƙa da kwaɗo. Aka ce ɓarayin raguna sun shigo gari, na dawo kwana a tsakar gida kusa da shi, sauro ya samu nasa rabon, mai kemis ma ya samu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne abu mai tsada baki gare shi, kuma ƙarya yake yi. Shekara da shekaru na gina sunana a layin nan a matsayin mutumin kirki marar kuɗi, suna mai amfani ƙwarai, wanda yake sa a yi maka uzuri a ɗaga maka ƙafa. Ragon nan ya tsaya a tsakar gida ya rushe shi da kuka ɗaya. Mai shagon da yake ba ni shinkafa sai ƙarshen wata ya aiko yaro da littafi. Kwamitin masallaci, waɗanda da ba sa tsayawa a ƙofata in ana karo-karon sola, suka zo su uku suka zauna. Ƙanin uwargida ya bugo waya yana neman rancen jari, ya ce, "Yaya, ai labari ya iso mana." Gwaggona ta aiko daga ƙauye cewa ta ji abin arziki, kuma bana ba za ta karɓi ƙasa da cinya ba.

Sai mai gidan haya. Dama na shirya jawabin da zan yi masa, mai taɓa zuciya, a kan halin da ma'aikaci yake ciki, in roƙi a ɗaga mini zuwa watan gaba. Ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na fara: "Alhaji, ka san yadda gari yake..." Daga ciki aka amsa da wata murya mai kauri wadda ta girgiza langa-langar ƙofa. Ya ce mene ne wannan? Na ce ɗan rago ne na yara. Ya tashi ya leƙa. Ya daɗe yana leƙen. Da ya dawo ya zauna sai ya ce, "Malam, ashe kai ne kake ɓoye kanka. Ni nawa ragon ko kafaɗar wannan bai kai ba." Ya ce dama yana jin nauyin gaya mini za a yi ƙarin haya, amma yanzu Allah ya sauƙaƙa masa.

Ba don nadama ba, don dai in san matsayin dukiyata, na ja ragon zuwa kasuwar 'Yan Awaki ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Dillalan can suka kewaye shi. Doron hancin da aka ce mini alamar asali ne, a nan aka ce tsufa ne. Ƙibar da aka ce ta kiwon gida ce, aka ce ruwa da gishiri aka ɗura masa. Wani ya taya dubu 330, yana yi kamar taimakona zai yi. Babu wanda ya ce mini Alhaji, "bawan Allah" suke ta kirana. Na ce albarka, da ƙarfi, kuma in faɗi gaskiya daɗin faɗar kalmar nan kaɗai ya rage mini wani abu. Na biya A Daidaita Sahu zuwa da dawowa, na kuma samu sabuwar hujja: wanda ya ƙi sayarwa bai faɗi ba, faɗuwa sai an karɓi kuɗi. Wannan ko a aji zan iya kare shi.

Ranar Juma'a 6 ga Yuni aka yi Sallah. Sai da ƙarti huɗu suka danne shi. Mahauci ya dube shi ya ce wannan kuɗin fiɗar sa zai karɓa. Man suya da aka tanada don ɗan ƙasa ya ƙare tun ana kan kayan ciki. Sannan aka fara sallama. Mutanen da rabona da su tun bikin aurena suka tuna da zumunci. Cinya ta tafi ƙauye, ɗaya cinyar ta tafi gidan surukai, mai gidan haya aka kai masa kafaɗa don a tausasa zuciyarsa, kwamitin masallaci suka karɓi fata suka kuma tuna mini alkawarin sola. Uwargida tana rabo tana kiran suna da ƙarfi, duk ƙullin da ya fita sai ta ce, "Ga ƙafar keken ɗinkina nan ta tafi." Washegari da yamma abin da ya rage mana bai fi abin da ɗan ƙasan nan siriri zai bari ba. Sai dai, kuma wannan ina so a rubuta, romon kan ya yi daɗi.

Babur ɗina na sayar na biya haya da adashe. Yanzu da ƙafa nake zuwa makaranta, abin da likitoci suka daɗe suna ba mutane shawara, kuma duk wata ina rubuta kuɗin man da ban saya ba a ɓangaren ribar rago. In aka ci gaba a haka, nan da 'yan shekaru zai gama biyan kansa. Na nuna wa uwargida jadawalin, ta ce yana da kyau, in kai wa mai shago ko zai karɓa.

Mai gidan haya bai janye ƙarinsa ba, amma ya yarda in riƙa biya kashi-kashi. Ran da na kai masa na farko ya riƙe ni da hira, ya ce shi fa har yanzu ragon nan yana ransa, duk shekara yaransa suke sayo masa kuma cutarsa ake yi. Ya ce baɗi in Allah ya kai mu yana so in raka shi Wudil da kaina, tunda ni na san dabba. Na ce masa babu komai, Alhaji, akwai wani dillali da na sani, mutumin kirki. Na kuma gaya masa tun yanzu cewa la'adata daban.