Kowa Dillali Ne a Zauro

Mu a Zauro mun daina auna gonar tudu da dami. A da in an ce gonar wane babba ce, ana nufin geron da take bayarwa. Yanzu kana tambaya sai a ce maka fegi kaza za ta yi, biyu na kallon titi. Yaron da bai taɓa riƙe kalme ba ya san ƙafa 50 da ƙafa 100, ya san la'adarsa tun kafin a yi ciniki.

Ba laifinmu ba ne kacokan, wurin zama ne ya ja mana. Muna kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ga filin jirgin Sir Ahmadu Bello nan Ambursa, maƙwabtanmu. Tun 1991 da aka cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato aka mai da Birni hedikwata, garin ke cin gonakin da ke gefensa. Gesse ta cika, Badariya ta cika, Bayan Kara ta miƙe, Gwadangaji ta haɗe da gari. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013 sai gini ya kwarara wajen Kalgo. Mu kuwa muka gyara zama muna jiran namu rabon.

Amma je ka majalisa bayan la'asar ka ji kuka.

"Wallahi Kawu, gida ya gagari talaka. Albashin shekara goma ba ya sayen ciki da falo cikin Birni."

"Ɗana, ai ku kunka ga wanga zamani. Mu da goro munka samu hilin gida."

Gaskiya ne, kuma siminti ma bai taimaka ba, tun da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, rodi da kwano suka bi sahu. Sai dai wannan Kawu mai tuna zamanin goro, je ka taya gonarsa ta bakin titi. Ba zai faɗi kuɗi ba sai ya aika an binciko nawa maƙwabcinsa ya sayar, sannan ya ɗora nasa a kai, wai tasa ta fi kusa da turken wuta. Haka kowannenmu ke yi. Da safe mu ƙara wa fegi kuɗi, da yamma mu taru mu yi Allah wadai da tsada.

Kuma kuɗin da ke hura wutar, da yawansu daga fadamarmu suke fitowa. Nan Buhari ya zo a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Banki, nan aka tara dalar shinkafa a 2021. Ga injin Labana a Birni, ga na WACOT a Argungu, shanshera ba ta kwantai. To manomin da ya yi sa'ar rani ina zai kai kuɗinsa? A da shanu ne. Yanzu shanu na da masu bin su da dare, naira kuma ba ta kwana da darajarta. Sai ya sayi fegi, ya zuba bulo layi biyu, ya kafa ƙofa ba gida, ya bar wa akuyoyi. Wani ma'aikaci na can na neman inda zai sa iyalinsa, mu kuma mun kulle ƙasa muna jira ta yi ƙiba.

Inda muka fi gwaninta shi ne wajen yanka. Mai gona ya kira mai igiya, a buga turaku, a raba. Ka ce a bar hanya mai faɗi, ya dube ka kamar ka ce ya yanka maka ragon layyarsa. Hanya ai ba ta kawo kuɗi. Sai a bar lungun da babur kaɗai ke bi, ba wurin makaranta, ba lambatu, masallaci ma sai wani ya ji kunya ya ba da kusurwa. Shekara ta kewayo, damina ta sauka, ruwa ya rasa mafita ya shiga ɗakin amarya. Ranar da aka yi rasuwa kuwa, makara da ƙyar take shan kwana. A nan ne za ka ji mu muna tambaya ina hukuma take.

Hukuma kuwa tana nan da dokarta. Tun 1978 dokar ƙasa ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma gini a cikin birni na buƙatar izinin hukumar raya birane, wato KUDA. Mun sani sarai. Amma takardarmu ita ce ta mai unguwa da shaidu, a naɗe a ƙasan akwati. Mu fara gini, in ya kai linta sai mu soma tunanin izini, gabanmu na faɗuwa duk lokacin da baƙuwar mota ta tsaya a ƙofa.

Sai batun mai da unguwar zama kasuwa. 'Yan'uwanmu da suka koma Birni kullum ƙorafinsu ke nan: an kafa injin niƙa jikin bangon ɗakin kwana, gidan biredi na turnuƙe tsakar gida da hayaƙi, gidan da aka gina don iyali ɗaya ya koma makarantar kuɗi.

"Alhaji, ka kai ƙara mana."

"Malam, in kai ƙarar wa? Ɗan ƙanen matata na."

Bai faɗi sauran ba. Shi ma ya fasa zaurensa ya fitar da shaguna uku, ɗaya mai walda ne a ciki.

Abin da ya fi tada jijiyar wuya yanzu shi ne bene. Da fili ya yi tsada sai masu hali suka koma sama: gidajen haya a jere, bango ɗaya ya raba, kowanne hawa biyu. A takarda dabara ce mai kyau, fegi ɗaya ya ɗauki iyali huɗu. Amma gidanmu na Hausa a buɗe yake ta sama. A tsakar gida mata ke daka, nan suke kitso, nan ake shimfiɗa tabarma a kwana in zafin Afrilu ya hana zaman ɗaki. Taga ɗaya ta sama ta isa ta kori matan gida uku zuwa cikin ɗaka. A ganina, duk cikin koke-kokenmu wannan ne kaɗai mai kukan ba shi da hannu a ciki, kuma shi ne ya fi cancantar a zauna da masu unguwa da masu zanen gini a yi masa ƙa'ida kafin benen ya iso mana nan.

Wani da abin ya shafa a Birni ya yi rantsuwa sai ya kai magana gaban alƙali. Dattawa suka shiga tsakani, mai bene ya yarda ya toshe taga ɗaya, ya kuma ba shi bulo da siminti ya ƙara wa katangarsa tsawo. Ya karɓa, ya gode. Da ragowar bulon ya fitar da shago ta gefen titi.